Kame Kai Bayan Barin Ƙwaya

Kame kai shi ne mutum ya ji zuciyarsa ta yunƙuro, ya riƙe ta har hankali ya iso. Wanda ya bar hodar iblis ko metamfetamin, wadda ake kira ais, babu halin da ya fi buƙata kamar wannan, kuma shi ne ƙwayar ta fara cinye masa.

Waɗannan ƙwayoyi suna cika ƙwaƙwalwa da sinadarin dofamin, wanda ke sa mutum ya ji abu ya cancanci nema. In shan ya daɗe, sai abinci da hira da aiki su zama lami, ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, mai auna abin da zai je ya dawo, shi ma ya yi rauni. Shi ya sa makonnin farko ke zuwa da kasala da ƙunci da saurin fushi. Binciken da Nora Volkow ta jagoranta a Amurka a 2001 ya nuna cewa ƙwaƙwalwar masu shan metamfetamin tana farfaɗowa, amma sai bayan kimanin shekara guda da dainawa. Mai ce wa irin wannan mutum ya daure kawai, kamar ya sa mai karaya gudu ne.

Jarabar takan taso kamar guguwa, ta yi ƙarfi, ta lafa, galibi cikin mintuna. Kuma ba ta zuwa haka siddan. Kuɗi a aljihu ranar albashi, lambar dila a waya, majalisar tsoffin abokan sha, yunwa, ɓacin rai, kaɗaici, gajiya, su ne ke kiranta. Don haka kame kai na gaskiya tun kafin jarabar ta zo yake farawa: a goge lambar, a ba ɗan'uwa ajiyar kuɗi, a sauya hanyar komawa gida, a san wanda za a kira ko da tsakar dare. Wasu na ganin wannan ragwanci ne. Ba haka ba ne; sanin iyakar ƙarfinka shi ma jarumta ce.

Har yanzu babu maganin da aka amince da shi don wannan jaraba, irin metadon da ake ba masu shan hiroyin. Hanyar da ta fi nuna amfani ita ce ta tukuici, wadda Stephen Higgins ya gwada a Jami'ar Vermont a farkon shekarun 1990: duk fitsarin da gwaji ya nuna babu ƙwaya a cikinsa, a ba mai shi takardar sayen kaya, darajarta tana ƙaruwa muddin bai koma ba. Zuciyar da ba ta iya jiran ladan nesa, sai a matso mata da shi kusa har ta koyi jira. Sarƙa kuwa, irin ta gidajen mari da 'yan sanda suka bankaɗo a Kaduna da Katsina a 2019, ƙafa take riƙewa, ba ta koya wa zuciya komai.

Wurin da aka fi gwada wannan hali shi ne bayan tuntuɓe. Wanda ya sha sau ɗaya bayan wata uku yakan ce ai ya riga ya ɓata, sai ya zarce, kuma wannan tunani ya fi shan kansa illa. Abin da ake so shi ne ya faɗa wa likitansa ko na kusa da shi a ranar, a gano abin da ya jawo, a toshe wannan kafa.