Idan Ɗan Sanda Ya Ɗaga Hannu

Ya ku 'yan'uwa cikin Ubangiji, da yawa daga cikinmu a kan hanya muke neman abinci. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Aliero, ta shiga Jega, ta wuce Maiyama zuwa Koko da Yawuri, ba ta hutawa dare da rana. Wani ya ɗauko buhunan albasa daga Aliero, wani yana kai kaya kasuwar Jega, wani kuma ya goyo ɗan'uwansa da ya karye zai kai shi wurin masu ɗori. Duk mai bin ta ba zai rasa shingen 'yan sanda ba. To, sa'ad da ɗan sanda ya ɗaga hannu, me ya kamaci mai bin Yesu?

Na fari, sai mu tsaya. Manzo Bulus ya koya mana cikin Romawa sura 13 cewa hukuma daga wurin Allah take, domin ta tsare mai gaskiya ta hori mugu. Ɗan sandan nan da ke cikin rana yana gadinmu ne daga ɓarayi da 'yan fashi. Mu gaishe shi da ladabi, mu kashe mota ko babur, kada mu yi gardama, kada mu gudu. Doka ta ɗora mana riƙe lasin tuƙi, da takardun abin hawa, da takardar inshora. Ba 'yan sanda kaɗai ke da ikon tambayarsu ba, har da ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988. Mai bi wanda lasinsa ya mutu, ko kuwa ya labta wa mota kaya fiye da kima, ya riga ya ba da kansa tun bai bar gida ba. In an kama shi kada ya ce tsanani ne saboda sunan Yesu. Laifinsa ne.

Na biyu, mu san abin da doka ta ba mu. Wannan Bulus da ya ce a yi biyayya, shi ne a Filibi aka yi masa bulala ba shari'a, aka jefa shi kurkuku. Da gari ya waye aka so a sallame shi a ɓoye, ya ƙi, ya tuna musu shi ɗan ƙasar Roma ne, sai da mahukunta suka zo da kansu suka ba shi haƙuri. Ku duba Ayyukan Manzanni 16:35-39. Ashe neman hakki da ladabi ba tawaye ba ne.

Ga kaɗan daga hakkinmu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce mai tsai da mutum ya bincike shi sai ya kasance cikin kayan sarki, ko kuwa da katin shaidarsa a fili, ya faɗi sunansa da ofishinsa da dalilin binciken. Irin tufafin mutum ko askinsa bai isa ya zama dalilin zargi ba. Mace kuwa, mace ce za ta bincike ta. Ba a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ba a kuma kama mutum saboda bashi. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 35, ya ce wanda aka kama yana da ikon yin shiru har ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a rubuta masa dalilin kamun cikin awa 24, da harshen da yake ji. Dole a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Beli a caji ofis kyauta ne. Kada kuma mu sa hannu ko mu dangwala yatsa a takardar da ba a karanta mana ba.

Na uku, shi ne mai wuya. Mun san abin da akan dunƙule a tafin hannu a miƙa ta taga. Mukan ce na goro ne, ko na ruwa. Sunansa cin hanci. Dokar hana rashawa ta 2000 ta kama mai bayarwa da mai karɓa duka. Maganar Allah ta riga ta, gama Fitowa 23:8 ta nuna rashawa takan makantar da mai ido. Gwamna Filikus ya tsare Bulus shekara biyu yana sa rai a ba shi kuɗi, har ya bar sarauta Bulus yana ɗaure. Mu fa, jinkirin rabin awa ne zai sa mu sai da lamirinmu? Gaskiya ne albasa ba ta son rana, fasinjoji kuma za su yi gunaguni. Amma hannun da ya saba miƙawa don a kau da ido daga lasin, shi ne ya koya wa shinge kau da ido daga motar da ta ɗauko bindiga. In muna da laifi, mu nemi a rubuta mana takardar tara, mu biya inda doka ta ce, mu karɓi rasit. In an zalunce mu, kada mu yi kokawa a bakin hanya. Mu riƙe suna da lamba da wuri da lokaci, mu kai ƙara wurin babban jami'in ofishin, ko hedkwata a Birnin Kebbi, ko Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam.

Ku kuma 'yan'uwanmu masu kayan sarki, ku tuna da gargaɗin Yohanna Mai Baftisma ga sojoji cikin Luka 3:14, a kan ƙwace, da ƙage, da raina albashi. Talakan da ke gabanku Allah ne ya yi shi.

Dattawan Ekklisiya, ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan, musamman samarinmu masu babur. Bari mu riƙa yi wa 'yan sanda addu'a, mu gyara takardunmu tun kafin tafiya, mu bar hannunmu da tsabta. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da komowarmu. Amin.