Katakon da Ya Zauna a Haske

Ya Ubangiji, yau da asuba tunanina ya tsaya a kan wani ƙaramin abu: fuskar jita, faffaɗan katakon nan mai rami wanda tsirkiyoyi suke bi ta kansa.

In jita sabuwa ce, fuskarta fari-fari take, ba ta da wani launi sosai. A bar ta ta yi 'yan shekaru, sai ta koma ruwan ɗorawa. A ƙara mata wasu, ta zama ruwan zuma. Tsofaffi ƙwarai har ja-ja suke yi. Ba wanda ya shafa musu launi. Haske ne da daɗewa.

Yawanci da itacen sifurus ake yin wannan fuska. Wanda aka fi amfani da shi, mai suna Sitka, yana tsirowa ne a gaɓar tekun Fasifik, daga Alaska har arewacin Kalifoniya. Bishiyar takan yi ɗaruruwan shekaru cikin sanyi da ruwan sama kafin a sare ta. Sai a tsaga, a fere, har kaurin katakon ya dawo wajen milimita 3. In mutum ya kawo idonsa kusa, zai ga siraran layuka a jere, wannan dab da wannan. Kowane layi shekara guda ce. Kai ka ƙirga su tun suna daji, tun ba wanda ya san za su yi waƙa wata rana.

Masana sun ce a cikin katako akwai wani sinadari da ake kira liginin, shi ne yake riƙe zaruruwan itace wuri ɗaya. A cikin hasken rana kuma akwai wani sashe da ido ba ya gani. Wannan ɓoyayyen hasken ne yake taɓa liginin, iska ta taya shi, launi ya riƙa juyawa kaɗan-kaɗan. Man sheƙin da aka fesa a kai shi ma yana rinewa, musamman irin na dā.

Abin da ya kama zuciyata shi ne, katakon ba ya yin kome. Ba ya yunƙuri, ba ya fafutuka. Yana nan kawai inda haske yake iske shi.

Ni kuwa nakan so in ga sauyi a kaina yau-yau. Na roƙi haƙuri jiya, to ina yake? Na miƙa maka damuwata da dare, me ya sa na farka da ita? Nakan leƙa zuciyata safe da yamma ina neman alama.

Mai jita ba ya sanin ranar da ta sauya. Kullum yana ɗaukarta, kullum kamar jiya take a idonsa. Sai ran da ya ci karo da tsohon hoto, ko ya ajiye ta kusa da sabuwa, ya ce ashe! Musa ma da ya sauko daga dutsen Sina'i bayan ya daɗe a gabanka, bai san fuskarsa tana haske ba. Mutanen da suke ƙasa ne suka gani.

Na yarda haka kake aiki a cikina. Alherinka yana sauka a kaina kowace safiya, ko na ji ko ban ji ba. Mafi yawansa irin hasken nan ne da ido ba ya kamawa.

Akwai wani maƙerin jita a ƙasar Sifen, Antonio de Torres. A 1862 ya haɗa jita wadda bayanta da gefunanta na kwali ne, fuskarta kaɗai ce ta katakon kirki. Ya yi haka don ya nuna cewa muryar jita daga fuska take fitowa. Kuma ta yi magana. Ke nan ɓangaren da yake fuskantar haske shi ne mai waƙar. Shi ne kuma mai ɗaukar nauyi, domin a jita mai tsirkiyoyin ƙarfe, tsirkiyoyin shida suna jansa da ƙarfin da ya kai kilo 70, dare da rana, ko ana kiɗa ko ba a yi. Siririn katako, ga ja, ga haske, ga shekaru. A cikin wannan hali yake nuna.

Mutane suna son wannan launi ƙwarai. Kamfanin Martin, wanda aka kafa a 1833, yana garin Nazareth a jihar Fensilbeniya ta Amurka, kuma jitocin da ya ƙera a shekarun 1930 yanzu sai mai hali yake iya sayensu. Saboda haka aka nemo gajeriyar hanya. Wasu suna zuba ɗan launi a cikin man sheƙi. Wasu suna gasa katakon a tanda wadda aka rage wa iska, ya fito ja-ja tun bai taɓa jin tsirkiya ba. Ban ga laifinsu ba, gwaninta ce, kuma gasasshen katako yana da nasa amfani. Amma launinsa bai ɗaya yake. Na tsohuwar jita kuwa ba haka yake ba. Ga inda hannu ya saba kwanciya, ga inda farce ya ci, ga gefen da ya fi kallon taga. Duk a rubuce suke a jikinta.

Ka san inda rayuwa ta ci ni, ya Ubangiji. Ba ka taɓa kawar da kai daga wurin ba.

Na lura kuma ba zafin rana ne yake yin wannan kyakkyawan aiki ba. A bar jita a cikin mota da tsakar rana, gam ɗinta zai saki. A bar ta cikin bushewar hunturu irin namu ba kulawa, fuskar za ta tsage, shi ya sa maƙera suke so danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. Hasken da yake nunar da katako shi ne na cikin ɗaki, mai taushi, wanda yake shigowa kowace rana ba hayaniya. Kai ka san gwargwadon abin da zan iya ɗauka. Ka fi ni sanin kaurin katakona.

Kusa da ramin jita akan manna wani ɗan farantin roba don kada a kankare katako wajen kiɗa. In masu gyara suka ɓamɓare shi daga tsohuwar jita, sai su tarar da siffarsa a zane, fara tas, ko'ina kewaye da ita ruwan zuma. Katako ɗaya ne, shekaru ɗaya. Wurin nan dai a rufe yake tun farko. Haka ma jitar da ta yi zamanta a cikin akwati, takan daɗe da farinta.

Ina da irin waɗannan wurare. Tsoron gobe. Zancen 'ya'ya da abin da za su zama. Wata magana da aka faɗa mini tuntuni wadda har yanzu nake tsallake ta in na zo gabanka. Na rufe su ne don kada su ji ciwo, kuma kai ka san haka, ba ka yi mini faɗa ba.

Masu gyara sukan ce a bar farin wurin a buɗe, a yi haƙuri. Sannu-sannu zai fara bin sauran, ko da bai kamo su duka ba. Wannan ya ishe ni. Ba sai na zama launi ɗaya kafin ka karɓe ni ba.

To, ga guda ɗaya na buɗe maka yau, zancen 'ya'yan nan. Ban san yadda zan daina juya shi a raina ba, kuma ba zan yi alkawarin abin da ba zan iya ba. Zan dai kira sunansu ɗaya-ɗaya a gabanka kafin in fita aiki. Gobe ma, in ka kai mu, zan sake.