Wace Unguwa Magidanci Zai Sauke Iyalinsa A Babban Birni?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya sanya gidaje su zama wurin natsuwa ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, tun daga ranar 12 ga watan Disamba, 1991, sa'ad da aka ɗauke mazaunin Gwamnatin Tarayya daga Ikko aka mai da shi Abuja, babu shekarar da za ta wuce ba tare da magidanta da yawa daga Kano da Sakkwato da Katsina da Zariya da sauran garuruwa sun ɗaure kaya sun nufi wannan birni ba. Wani canjin wurin aiki ya kai shi, wani kuwa fatauci. Da zarar mutum ya sauka, tambayar farko da ya kan yi ita ce: nawa ne kuɗin haya? Tambaya ce mai kyau, amma ya kamata a duba ko ita kaɗai ta isar wa Musulmi, tun da ya ke za a tambaye shi ranar gobe game da inda ya ajiye matarsa da 'ya'yansa.

Wanda bai san Abuja ba ya kamata ya san yadda a ke zaune a cikinta. Unguwannin tsakiya, kamar Maitama da Asokoro da Wuse da Garki, hayarsu ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci nesa ba kusa ba. Saboda haka akasarin masu aiki a birnin su na kwana ne a kewaye, watau Kubwa da Lugbe da Nyanya da Karu da Kuje da Gwagwalada. Wasu ma sun fita daga yankin birnin ɗungum, su na zaune a Mararaba da Masaka cikin Jihar Nasarawa, ko a Suleja cikin Jihar Neja. Galibi gwargwadon nisan wuri daga ofisoshi, gwargwadon sauƙin hayarsa. Masu gidaje kuwa su kan nemi kuɗin shekara guda a dunƙule, wasu har na shekara biyu, ban da la'adar dillali. Ga baƙo da aljihu ƙarami, ga gaggawa, to a nan ne kuskure ya kan shigo, kuma ta ƙofa biyu ya ke shigowa.

Ƙofa ta farko ita ce alfahari. Shari'a ta ɗora wa miji samar da mazauni, domin yana cikin nafaƙa kamar ci da sha da tufa, amma a cikin Suratuɗ Ɗalaƙ an ɗaure wannan wajibi da gwargwadon ikon mutum, mawadaci daidai wadatarsa, mai ƙaramin ƙarfi daidai abin da aka ba shi. Ashe ke nan babu abin kunya ga wanda ya zauna a ɗaki biyu a Nyanya domin nan ƙarfinsa ya kai. Abin kunya yana ga wanda albashinsa na Nyanya ne amma ya kama gida a Wuse don kada 'yan garinsu su raina shi. Irin wannan mutum, shekarar farko zai ci bashi, ta biyu ya ci bashi mai ruwa don ya biya na farko, ta uku kuwa idan aka miƙo masa cin hanci a ofis, hannunsa ba zai iya janyewa ba. Da haka sai haram ta shiga tukunyar gidan, yara su girma da ita a jikinsu. Hausawa sun gama magana da su ka ce daidai ruwa daidai tsaki.

Ƙofa ta biyu ta fi ɓoyuwa, domin mai shiga ta cikinta yana ganin tattali ya ke yi. Shi ne wanda ya bi dillali ya ce a kai shi inda ya fi ko'ina araha, ya biya, bai tambayi kome ba. Bayan wata guda sai sauran lissafin ya fito. Kuɗin mota kullum zuwa da dawowa, wanda ya ƙara nauyi ƙwarai tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu, 2023. Kuɗin ruwa wurin 'yan garuwa, idan unguwar babu famfo. Sa'an nan ga abin da ba a biya da naira, watau lokaci. Wanda ya taɓa bin hanyar Mararaba da safe ya san yadda motoci su ke cunkushewa. Magidanci ya kan fita daga idar da sallar Asuba, yara na barci, ya dawo bayan Lisha, yara sun yi barci. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kamanta mai gida da makiyayi wanda za a tambaya game da abin kiwonsa. Yaya makiyayi zai ba da amsa a kan garken da ba ya gani sai Asabar da Lahadi?

A nan mai karatu zai iya cewa, wannan magana ta masu zaɓi ce, talaka kuwa inda kuɗinsa su ka tsaya nan ya ke sauka. Gaskiya ne, kuma Allah ba Ya kallafa wa rai abin da ba ta iyawa. Mutane da yawa ba su da makawa sai sun zauna nesa. Amma ko a cikin unguwa ɗaya, da kuɗin haya iri ɗaya, wannan layi ya sha bamban da wancan. Wani layin idan yaro ya yi ɓarna dattijon da ke zaune ƙofar gida zai tsawata masa, wani layin kuwa matattarar masu shaye-shaye ce a bakin lungu. Zaɓin da ya rage a hannun talaka shi ne zaɓin maƙwabta, kuma shi ne ya fi kowa bukatar wannan zaɓi. Mai kuɗi yana iya kewaye kansa da katanga da maigadi. Wanda zai yini a waje tun duku-duku har dare kuwa, maƙwabta ne za su yini da 'ya'yansa, su ne za su kai matarsa asibiti in naƙuda ta kama ta ba ya nan. Zama da maɗaukin kanwa, in ji masu iya magana, shi ke kawo farin kai.

Musulunci bai ɗauki wannan al'amari da wasa ba. Ya tabbata a hadisi cewa Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci har Annabi ya zaci za a sanya shi cikin magada. An kuma ƙidaya maƙwabci nagari tare da mace tagari da yalwataccen gida da abin hawa mai daɗi a cikin abubuwan jin daɗin duniya. Malaman mazhabar Malikiyya sun shigar da batun har cikin hukuncin aure. A Muhtasar na Shehu Halil an bayyana cewa idan mata ta yi ta kai ƙarar cutarwa babu shaida, alƙali ya kan sa a zaunar da ma'auratan a tsakanin mutanen kirki, domin idon maƙwabta ya kare mai rauni. Malamai kuma su na ba da labarin wani Bayahude maƙwabcin Abdullahi ɗan Mubarak, wanda da ya tashi sayar da gidansa ya ninka kuɗin, ya ce rabi na gida ne, rabi kuwa na maƙwabtakar wannan bawan Allah.

To, ta yaya baƙo zai gane unguwa kafin ya biya? Da ɗan gari a kan ci gari. Dillali la'adarsa ya ke nema, saboda haka maganarsa ba ta isa shaida ba. Magidanci ya je unguwar da kansa fiye da sau ɗaya. Ya yi sallar Magariba a masallacinsu, ya gaisa da liman da mai unguwa, ya zauna wurin mai shayi ya saurara. Ya koma da hantsi ya duba ko yara na makaranta ko su na gararamba, ya tambayi inda Islamiyya ta ke da inda asibiti ya ke. Ya dubi gindin katanga ko akwai alamar ruwa, domin a daminar 2023 ambaliya ta mamaye gidaje masu yawa a wani rukuni da ke Lugbe. Ya bincika ko ginin yana da takardu, domin rusau ɗin da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya bar 'yan haya da yawa da kayansu a waje. Ya tambayi lafiyar wurin da dare, musamman unguwannin da ke bakin daji, tun da an sace mutane daga gidajensu a yankin Bwari a farkon 2024. Sa'an nan ya shawarci uwargida, domin ita za ta yini a wurin, kana ya yi istihara.

Akwai wani abin lura kuma. Abuja gari ne da ya tara kowace ƙabila da mabiya addinai dabam-dabam, kuma kada baƙo ya ɗauka maƙwabci nagari sai wanda ya fito daga garinsu. Aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni da kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa, malamai kuma sun bayyana cewa wanda ba Musulmi ba yana da haƙƙin maƙwabtaka cikakke. Sau da yawa a kan sami Bagwari ko Bayarabe ko Ibo mai amana wanda zai tsare mutuncin gidan mutum fiye da wani ɗan garinsu marar tarbiyya. Hali a ke dubawa.

Daga ƙarshe, wanda ya sha wahalar neman maƙwabta nagari ya tuna cewa ranar da motar kayansa ta tsaya, su ma mutanen layin su na dubansa su na fatan Allah Ya kawo musu na kirki. Ya fara yi musu sallama, ya gyara kwatarsa kada ta kwarara ƙofar wani, ya kashe janareto in dare ya yi nisa, ya biya kuɗin 'yan sintiri a kan lokaci, ya duba marar lafiyarsu. Unguwar kirki mazaunanta ne su ke yin ta, kuma daga ranar nan shi ma ya shiga cikinsu.

Allah Ya saukar da kowane baƙo masauki mai albarka, Ya haɗa shi da maƙwabta nagari, Ya shirya zuriyar Musulmi a duk inda su ke. Amin.