Da Wane Mudu Kake Auna Aurenka?

Karatu: 1 Sama'ila 1:1-18, Afisawa 5:25-33

A kasuwa ana auna hatsi da mudu. To, da me za a auna gamsuwar miji da mata?

Masana sun gwada. A shekarar 1988, wata masaniya a Amurka mai suna Susan Hendrick ta tsara tambayoyi 7, kowa ya ba da maki daga 1 zuwa 5: ko abokin zamansa yana biya masa bukatunsa, ko yana da-na-sanin shiga zaman. Akwai hikima a nan, domin kowa da bakinsa yake amsawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dubi Elkana. Yana ƙaunar Hannatu, kowace shekara a Shilo yana ba ta rabo na musamman. Amma ba ta da ɗa, Feninna kuma tana tsokanarta har ta kasa cin abinci. Da ya tambaye ta dalilin kukanta, sai ya ɗora da cewa ai shi ya fi mata 'ya'ya goma. Ya yi tambaya, ya ba kansa amsa. Da mudun abin da yake bayarwa ya auna zuciyarta.

Haka da yawanmu muke yi. Ɗan'uwa, ka biya kuɗin haya da na makaranta, sai ka ce gida lafiya. 'Yar'uwa, kin dafa, kin wanke, sai ki ce ba abin da ya rage. Shirun abokin zamanka ba shaidar gamsuwa ba ne. Wani shirun gajiya ce. In kuwa akwai duka ko tsoro a gidan, kada a rufe shi da sunan haƙuri, a kai wa fasto da dattawan ikkilisiya.

Amma mudun masana ma yana da iyaka: abin da na samu ya fi aunawa. Manzo Bulus ya kafa mana ma'auni mafi girma, wato Almasihu wanda ya ba da kansa domin ikkilisiya. Wanda kullum yake lissafin ribarsa ba zai ƙoshi ba.

A daren yau ku zauna ku biyu. Ka tambaya: "A ina nake sa ki baƙin ciki?" Ki yi masa irin tambayar. Wanda ya tambaya ya saurara har ƙarshe, ba gardama, sa'an nan ku durƙusa tare.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni kunnen ji da zuciyar tuba. Ruhu Mai Tsarki, ka warkar da gidana, cikin sunan Yesu. Amin.