Shin Wanda Ya Zo Na Biyu Ya Yi Asara?

Mun saba auna mutum da ranarsa guda, wato ranar da aka raba kyauta. Wanda ya zo na ɗaya a yi masa kirari, na biyu kuwa a ce masa Allah ya ba da sa'a gaba. Abin tambaya a nan shi ne, wannan mudu da muke awo da shi na adalci ne?

Mu ɗauki Lee Chong Wei, ɗan ƙasar Maleshiya, gwanin badminton, wasan nan da ake buga 'yar ƙwallo mai gashin tsuntsu a tsallaka raga. Makonni 349 ya yi yana riƙe da matsayin na ɗaya a duniya. Amma sau uku yana kaiwa wasan ƙarshe na Olimfik, sau uku yana komawa gida da lambar azurfa. Lin Dan na ƙasar Sin ya kayar da shi a Beijin a 2008, ya kuma sake kayar da shi a Landan a 2012. A wannan karo na biyu, zagayen ƙarshe ya tashi 21 da 19. Maki biyu ke nan kacal, abin da kuskuren hannu ɗaya ko biyu kan jawo.

To, idan muka ce waɗannan maki biyu su ne hukuncin rayuwarsa, mun ɗora wa sa'a nauyin da ba nata ba. Zinariya ta rana ɗaya ce, kuma rabo yana da hannu a cikinta. Zama a sama shekara da shekaru kuwa ba ya samuwa sai da sammako kullum, da jure ciwon gwiwa, da komawa fili bayan an sha kaye a idon duniya. A ganinmu nan ne halin mutum yake bayyana. Mu ma da ke jami'a mun san yadda jarrabawar awa uku kan shafe wahalar shekara.

Sai dai kada mu yaudari kanmu da cewa zinariyar ba kome ba ce. Da ba kome ba ce, da bai sake ɗaura ɗamara ba. A Rio a 2016, yana da shekara 33, ya kayar da Lin Dan a wasan kusa da na ƙarshe, sai ga Chen Long, wani Basine, ya tare masa hanya. Ya so ya nemi ta huɗu a Tokyo, cutar daji ta kama shi a hanci a 2018. A watan Yunin 2019 ya ajiye wasa yana hawaye.