Farin da Ke Gindin Butar Shayi

Duk butar shayin da ta daɗe tana hawa garwashi, in ka buɗe murfinta ka leƙa, za ka tarar wani farin abu ya kama gindinta, ya yi tauri, sai an sa cokali an kankare. A yankin Malbaza wannan ba baƙon abu ba ne. Ƙasa ce mai dutsen farar ƙasa, shi ne ma ya kawo wa garin masana'antar siminti tun shekarun 1960, ruwan da ya ratsa irin wannan dutse kuwa yakan ɗebo sinadarin kalsiyam ya taho da shi. Shi ya sa in aka ce an yi wa wane hoton eko an ga tsakuwa a ƙodarsa, sai ka ji wani ya ce: "Ai ruwan garin nan ne, ba ka ga abin da yake wa buta ba?"

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma an ɗora laifin inda ba nan yake ba. Farin nan yana taruwa ne don kullum ana tafasawa, ruwa na ƙonewa, abin da ke narke a ciki na zama a ƙasa. To, haka ƙoda take. In fitsari ya yi kaɗan ya yi kauri, gishirin da ke cikinsa sai ya soma daskarewa, ƙwaya bisa ƙwaya, har ya zama tsakuwa. A watannin Afrilu da Mayu zafi a nan yakan wuce digiri 40. Manomin albasa a Galmi, da mai lodin buhunan siminti, da ɗan kabu-kabun da ke kai da kawo tsakanin Birnin Ƙonni da iyakar Najeriya, duk zufa ce ke kwashe ruwan jikinsu. Wani sai ya yini bai yi fitsari ba sai sau ɗaya, shi ma jawur, ya kuma ɗauka juriya ce.

Kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na tsakuwar ƙoda haɗin abu biyu ne: kalsiyam da wani sinadari mai suna okzalet. Kusan rabin okzalet ɗin da ke fita a fitsari hanta ce ke yinsa, sauran daga abinci. Akwai shi da yawa a alayyahu da sure, wato yakuwa, akwai a kuɓewa da gyaɗa da riɗi da waken suya da dankali da baƙin shayi. Wanda ya ji wannan jerin sai hankalinsa ya tashi, don kusan miyarmu ce gaba ɗaya aka lissafa. Abin da ke damuna ke nan. A ƙauyukan Illela, lokacin da damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, ganyen nan shi ke riƙe da gida. Duk wanda ya ce wa irin wannan iyali su bar ganye don tsoron tsakuwa, cutarsu ya yi.

Iyayenmu mata kuwa sun riga sun yi maganin rabin matsalar a madafa. Dubi yadda ake kwaɗon ganye: a tafasa shi, a tsiyaye ruwan farko a zubar, a matse da hannu har ya dunƙule, sannan a sa ƙuli-ƙuli da albasa da yaji. Su don rage tsami da bauri suke yi. Amma okzalet mai narkewa yana bin wannan ruwan da aka zubar, daga kusan sulusi har fiye da rabi, gwargwadon irin ganyen. Wanda ya taɓa fama da tsakuwa, wannan tsiyayewar ita ce abin da ba zai yi wasa da shi ba.

Sai batun nono, wanda ya fi ban mamaki. Da can likitoci da kansu sukan hana mai tsakuwa madara, tunda dai kalsiyam ne a cikin dutsen. A shekarar 2002 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Parma na Italiya, kan maza 120 masu yawan samun tsakuwa, aka bi su shekara 5. Rabi aka rage musu kalsiyam. Rabi aka bar musu shi yadda yake, aka rage musu gishiri da nama. A cikin waɗanda aka rage wa kalsiyam, 23 tsakuwa ta dawo musu; a ɗaya rukunin, 12 kacal. Dalili shi ne, in kalsiyam da okzalet suka haɗu tun a hanji, sai su kama juna su fita ta bayan gida. In babu kalsiyam a abincin, okzalet ya shige jini, ya isa ƙoda, can su haɗu. Ke nan furar da aka dama da nono kariya ce, muddin ana shanta kusa da lokacin cin ganyen. Gishiri da dunƙulen magi da ake zubawa ba awo, su ne ke tura kalsiyam cikin fitsari.

Shayi ma a bi shi da lura. A 2015 likitoci a jihar Arkansas ta Amurka sun ba da labarin wani mutum ɗan shekara 56 da ƙodarsa ta daina aiki, ashe kofi 16 na baƙin shayi yake sha kullum. Koren shayin da samari ke dafawa a fada bai kai baƙi okzalet ba, sai dai ɗan ƙaramin kofi mai cike da sukari ba ya maye gurbin moɗar ruwa.

Ciwon gawut kuwa, da ake yawan gwamawa da wannan magana, ba okzalet ke kawo shi ba. Yurik asid ne ke taruwa a jini ya daskare a gaɓa, galibi babban yatsan ƙafa, cikin dare, ya kumbura ya yi zafi har mutum bai son zane ya taɓa wurin. Gado na da hannu a ciki, ƙiba ma haka, sannan cin hanta da ƙoda da sauran kayan ciki, da jan nama, da shan giya, da lemon kwalba mai sukari suna tayar da shi. Inda suka haɗu da tsakuwa shi ne, yurik asid ma yana yin tasa, kusan kashi 10 cikin 100, kuma mai gawut ya fi saurin kamuwa. Don haka alhajin da ya ci balangu da kayan ciki a kasuwar Badagishiri, ƙafa ta kumbura, ya dawo gida ya hana a yi miyar alayyahu, bai magance ciwon ba. Akwai maganin da ke rage yurik asid, alofurinol, likita ke rubuta shi. Ƙwayar diklofenak ta 'yan tallan magani tana kwantar da zafi, amma yawan shanta na lalata ƙodar da ake son ceto.

Abin da likitoci ke nema ga mai tsakuwa shi ne fitsarin lita 2 zuwa 2 da rabi a yini, wanda a zafin bazara ke nufin shan ruwa fiye da haka sosai. Ba sai an auna ba: in fitsari ya yi fari-fari, ruwa ya isa. Matsa lemon tsami a ciki na taimakawa. Mai azumi ya rarraba shansa tsakanin buɗa-baki da sahur.

Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba sau da yawa tana fita da kanta. Amma in ciwo ya soki kwiɓi yana gangarowa mara, ko aka ga jini a fitsari, balle a ce da zazzaɓi ko fitsarin ya tsaya, don Allah kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A nufi asibitin Ƙonni, ko na Galmi da ke aiki tun 1950, ko babban asibitin Tawa, a ranar.