HAƘƘIN MASU SANA'A A KAN JAMA'AR MASALLACI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanar da Annabi Dawuda ƙirar sulke, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, a kowace shekara ƴaƴanmu na fitowa daga cibiyoyin koyon sana'a da makarantun fasaha, har da babbar makarantar Ɗan Kasawa ta Maraɗi. Wani ya iya walda, wani kafinta ne, wani makaniki, wata ta iya ɗinki. Sai su dawo Cadakori da takardar shaida, amma babu guduma, babu keken ɗinki, babu rumfar da za su zauna. Idan sun nemi aiki a birni a ce sai wanda ya taɓa aiki, ko wanda yake da uba a gindin murhu. Wanda ya samu injin kuma sai wuta ta yanke masa hanzari. Ba mu manta da shekarar 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse lantarkin da ke shigowa daga Katsina ta Gazawa, masu walda suka wuni hannu a naɗe.

Wannan na hukuma ne, muna kuma kira gare ta. Amma akwai namu. Mu ne muke kai gyaran amalanke da ƙofa har Maraɗi alhali ɗan maƙwabci ya iya. Mu ne, in mun ba shi aiki, muke cewa ai yaronmu ne, mu hana shi ladansa, alhali shari'a ta hori a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe. Har yanzu akwai mai ƙyamar ba maƙeri aure, ya manta Annabi Zakariyya kafinta ne, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Ina matashi zai nufa? Sai ci-rani, ko ramin zinariya. Ramin da ya rufta a Garin Liman ta Ɗan Isa cikin Nuwamban 2021 ya haɗiye mutum aƙalla 18.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Anas cewa wani mutumin Madina ya zo roƙo. Manzon Allah (SAW) ya sa ya kawo shimfiɗarsa da ƙoƙonsa, ya sayar da su dirhami 2, ɗaya na abinci, ɗaya na gatari. Da hannunsa mai albarka ya sa wa gatarin ƙota. Bayan kwana 15 mutumin ya dawo da dirhami 10. A lura, ƙota ya sa masa da kansa.

Imam Nawawi ya bayyana a cikin Majmu'u cewa mai sana'a matalauci ana ba shi zakkar da za ta saya masa kayan aikinsa. Saboda haka idan kaka ta yi, muna ba da shawara masu fitar da zakkar gero da wake su haɗa kasonsu a hannun amintattun kowane masallaci, a mallaka wa matashi ɗaya ko biyu abin da zai isa sayen kayan sana'a, maimakon a raba tiya-tiya ta ƙare cikin mako. Mai rumfar da ba ya amfani da ita a kasuwa kuma ya ara musu har shekara.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare ƴaƴanmu da ke kan hanya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.